Iyakar da Na Ja a Bakin Lungun Majema

Akwai safiya guda da ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma da ana ba mutum dama ya cire rana ɗaya daga cikin kwanakinsa, ita zan cire ba tare da na yi shawara da kowa ba. Ban yi sata a cikinta ba, ban daki kowa ba. 'Yar tafiya na yi wadda ba ta kai ta zuwa kasuwa ba, na ɗaga yatsa na yi nuni sau ɗaya. Yau gemuna ya yi fari fat, har yanzu akwai masu shan wahalar wannan yatsa.

Bari in fara da kaina, don ku san irin wanda ke muku magana. A unguwarmu, Tudun Gawo, can gefen gabas na Damagaram, Sakatare ake ce mini. Ba wanda ya naɗa ni. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, na zauna jarrabawar sartifika sau biyu, sau biyun ta ƙi ni, sai na dawo gida da Faransancin da bai isa neman aiki ba amma ya fi na kowa a layinmu. Mai unguwarmu tsoho ne, idanunsa sun yi rauni, saboda haka duk takardar da ta zo daga meri, ofishin magajin gari, ni ake kira in karanta. (Inda na gane in fassara, inda ban gane ba in yi gyaran murya in ce, "Nan maganar doka ce.") A haka na saba da jin kaina babban mutum.

Unguwar tamu tudu ce da gangare. A tudu akwai babban layi, da shaguna, da gidajen 'yan kasuwa. A gangare akwai Lungun Majema, inda masu jimar fata ke zaune tun kakannin kakanninsu. Bayan ramukan jimarsu akwai wani kwari da ruwan damina ke bi, kuma wannan kwarin shi ne iyakar Tudun Gawo, kowa ya sani. Mai unguwarmu shi ne nasu, suna da biki tare muke yi, gawa tare muke ɗauka. Abin da ke tsakaninmu bai wuce wari ba. In iska ta juyo sai mutanen tudu su toshe hanci su ce majema sun buɗe rami, amma ranar salla kowa da takalmin jar fatarsu yake zuwa idi.

Babban majeman sunansa Laminu, abokina tun muna yara. Tare muka yi makarantar allo. Yana kirana Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci, don tsokana, wai ni ne malamin lakwal ɗin da bai samu aji ba, ni kuma ina kiransa Mai Turare. Ba shi da yawan magana, amma in ya ce ga inda za a bi, lungun nan kaf za su bi.

Ku da kuka san Damagaram ba sai an gaya muku zancen ruwa ba. Jima kuwa ruwa take ci: a jiƙa fata, a wanke ta daga toka, a tsoma ta a bagaruwa, a sake wankewa. Matan lungun ne ke ɗauko ruwan a ka, daga wani famfo da ke can bayan tasha. A wannan shekarar aka yi wa unguwarmu alkawarin famfo guda. Takardar ma ni na karanta ta a zauren mai unguwa, an rubuta za a kafa shi a bakin Lungun Majema, don nan ne gangare, nan ruwa zai samu ƙarfin isowa. Ranar matan lungun har guɗa suka yi.

Sai zaɓen kwanseye, wato kansiloli, ya matso. Ga wanda bai sani ba, garinmu a rabe yake arondisman-arondisman, wato gunduma-gunduma, kowace da merinta da 'yan majalisarta. Ba mutum ɗaya ake zaɓa ba, lista ake zaɓa. Kowace jam'iyya ta jera mutanenta daga na ɗaya zuwa ƙasa, in ta samu kujera uku, ukun farko su shiga, sauran su koma gida su ci gaba da tafi. Kuma listocin wannan arondisman dabam, na waccan dabam. Kafin zaɓen aka ce gari ya faɗaɗa, za a sake duba iyakoki, a sake rubuta masu zaɓe. Unguwarmu ce a baki, kana ƙetare kwarin nan ka shiga arondisman ta gabas.

Wata rana bayan la'asar Alhaji Sanda ya aiko a kira ni. Ɗan kasuwa ne a babban layi, shi ne kuma na ɗaya a listar wata jam'iyya. Aka kawo fura mai sanyi, ya bari na sha sosai, sannan ya ce, "Sakatare, mun sa sunanka a lista."

Na ce, "Ni, Alhaji?"

"Kai mana. Wa ya fi ka ilimi a unguwar nan? Kai ne na tara."

(Ban tambayi kujera nawa muke sa ran samu ba. Ina jin kalmar lista kunnena ya toshe. A nan zaune har na fara tunanin irin hular da ta dace da kwanseye.)

Ya ce, "Sai dai akwai ƙashin da ya tsaya mana a wuya. Mutanen abokinka. Wancan karon gaba ɗaya suka juya mana baya, kuma ba su canja ba. Jibi mai duba iyaka zai zo, mai unguwa ba ya iya tafiya, kai zai tura. Ai ba a dutse aka rubuta cewa kwari ne iyaka ba."

Na gane inda ya dosa. Na ce, "To famfon fa, Alhaji?"

"Famfo na Tudun Gawo ne, a Tudun Gawo zai zauna. In lungu ya koma gabas, gabas ta yi musu nasu. Ka ga an samu biyu a maimakon ɗaya. Taimakonsu ma za ka yi."

Na san ba gaskiya ba ne. Ina so ku riƙe wannan, don kada nan gaba ku ce an yaudari tsoho. Ni na karanta takardar, na san famfo ɗaya ne, na san na gabas an riga an raba nasu. Amma na ɗauki maganar Alhaji na kai gida, na yi ta juya ta kwana biyu kamar mai gasa masara, har ta yi kama da abin da za a iya ci.

Mai duba iyakar ya zo da hantsi. Baƙo ne, dattijo-dattijo, Hausarsa da ɗan gargada, yana riƙe da taswira da jan bik na rubutu. Muna fara tafiya ya ce mini, "Malam, dokarmu mai sauƙi ce. Gida ƙofarsa yake bi. Layin da ƙofar gida ta kalla, nan ake ƙidaya mutanen gidan."

Na ce masa da Faransanci, "Wi, wi, se sa," don ya san ba da jahili yake tafiya ba.

Muka bi babban layi muka gangara. Muna isa bakin Lungun Majema na tsaya, na ɗaga yatsa na ce, "Nan Tudun Gawo ta ƙare."

Ya duba takardarsa ya ce, "Tsohuwar taswira ta nuna har kwari."

Na ce, "Wannan ta zamanin Nasara ce. Waɗannan mutanen gabas ne, zama kawai ya haɗa mu."

Ban rufe baki ba sai ga Laminu ya fito daga lungun, da jiƙaƙƙun fatu a kafaɗa. Ya ce, "Mushe, yau da baƙo ake tafe? Ku shigo ya sha ruwa mana, rana ta yi."

Na ce, "Sauri muke yi, Mai Turare."

Ya ce, "To, a gaida aiki," ya wuce. Mutumin ya ɗora taswirar a gwiwa ya ja jan layi a bakin lungun. Ya miƙo mini bik in sa hannu a madadin mai unguwa. Na yi masa irin sa hannun nan nawa mai doguwar wutsiya, wanda na shekara ina koyo a bayan kwali.

Yanzu ga abin da na manta. Gidana a tsakani yake, gabansa babban layi, bayansa Lungun Majema. Shekaru da yawa kafin nan na mai da zauren gidan shago na ba wani tela haya, na toshe ƙofar da ta haɗa shagon da cikin gida, na fasa wata 'yar ƙofa ta baya, ta cikin lungu, don iyali. Kullum da safe ta nan nake fita, in toshe hanci, in zagayo in zauna a kan benci gaban shagon tela. Nan ake samuna, nan ake kawo mini takardu. A cikin kaina ni mutumin babban layi ne. Ko a wannan safiyar ta ƙofar lungu na fito. Mutumin nan ya faɗa mini dokarsa a kunne, na ce masa wi wi, kuma ko sau ɗaya abin bai faɗo mini a rai ba.

Masu rubuta sunaye suka bi gida-gida ina can wurin yaƙin zaɓe. Suka sami matata Habsu a ƙofar lungu, ta ba su sunayenmu, suka rubuta. Daga baya aka liƙa sunayen a bangon lakwal don kowa ya duba nasa. Ni ne na bi unguwa ina shela, "Jama'a, kowa ya je ya duba sunansa, kada ranar zaɓe a zo ana kuka." Ni ban je ba. Wa zai cire sunan Sakatare?

Da aka fara raba kartin zaɓe, Habsu ta dawo wata rana ta ce, "Malam, ni fa kartina can gabas aka ba ni, tare da su Gaji." (Gaji matar Laminu ce.) "Kuma kamar na ji an kira sunanka a can."

Na ce, "Habsu, siyasa ba tuƙin tuwo ba ce. Ɗan takara guda za a kai kartinsa gabas? Nawa yana hannun manya. Naki ma kuskuren biro ne, zan sa a gyara."

Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta ci gaba da tankaɗenta.

A kwanakin ne majema suka gane abin da ya same su. Laminu ya zo ya same ni a kan bencin, ya zauna, muka gaisa. Ya ce, "Mushe, an ce an mai da mu gabas, an ce kuma famfon ya fita daga hannunmu. Kai ke karanta takardu. Me ya faru?"

Na ce, "Wallahi daga Yamai aka yo shi."

Har da wallahi. Ya daɗe yana kallon yatsunsa, waɗanda bagaruwa ta rina tun yana saurayi. Ya ce, "Daga Yamai. To." Ya tashi ya tafi. Da ya zage ni da na ji sauƙi.

Ranar zaɓe na sa babbar riga ta shadda da telan nan ya ɗinka mini, na kafa hula, na yi wanka da turare. Wani maroƙi ya biyo ni yana kirari, wai ni ne alƙalamin Tudun Gawo, bik mai rubuta gobe. Biron zaɓenmu, wato rumfar zaɓe, a lakwal yake, kuma cikin ikon Allah a ajin da sartifika ta kayar da ni sau biyu. Ban bi layi ba. Na ratsa mutane ina ɗaga musu hannu har gaban tebur.

Shugabar biron wata malamar lakwal ce, sa'ar 'yata. Na faɗi sunana da ƙarfi. Ta bi takardunta da yatsa daga farko har ƙarshe. Ta sake bi. Ta ce, "Baba, ba ka cikin wannan biro."

Na yi dariya irin ta manya na ce, "Duba da kyau, 'yata. Ni ɗan takara ne."

Ta ce, "Na sani, Baba, kai ne na tara. Amma a masu zaɓe ba ka nan."

Na fara Faransanci. (Ban san abin da na faɗa ba, na dai tuna na ce "se pa posibil" ya fi sau biyar.) Wakilin jam'iyyar hamayya, wani mai bakin tsiya, yana zaune a gefe, ya ce, "Madam, a tambaye shi mana, gidansa wane layi ya kalla?"

Na ce, "Babban layi, kowa ya sani."

Sai muryar telana daga cikin layi, kuma wallahi ba da mugunta ya faɗa ba, taimako yake ganin yana yi: "A'a, Sakatare, ta babban layi ai ni ke ciki. Ƙofarka lungu take kallo."

 Sai ajin ya fashe da dariya, ta fita waje, ta bi layin maza, ta tsallaka layin mata. A unguwa ba a ɓoye komai, kowa ya riga ya san wanda ya raka mai taswira. Na ji wata tsohuwa tana cewa, "Ai dama an ce ramin mugunta a gina shi gajere." Na waiwaya neman maroƙina, ya riga ya koma bayan wani ɗan takarar.

A bakin ƙofar lakwal na ci karo da Alhaji Sanda, labari ya riga ni isa wurinsa. Ya jawo ni gefe ya ce, "Sakatare, na aike ka ka rufe ƙofa, sai ka rufe da kanka a waje?"

Na ce, "Alhaji, a yi wani abu."

"Me za a yi? Je ka gabas ka jefa wa tamu ta can, kada ƙuri'ar ta lalace. Kuma ɗan takara ba ya yini yatsansa ba tawada, a ce bai yi zaɓe ba."

Haka na juya. Na gangara, na bi ta cikin lungun, na tsallaka kwari ina tattare shadda. Biron da aka tura majema yana wata lakwal ce can cikin gabas, tafiya mai nisa. A hanya na wuce tsofaffin lungun suna dogara sanda, na wuce wata makauniya da jikokinta suka ɗoro a amalanke. Da can biron zaɓe a bayan gidajensu yake.  Na yi musu sallama suka amsa, shi ke nan.

A can, layin kusan duk majema ne. Wannan karon ban ratsa kowa ba. Na tsaya a ƙarshe, da babbar rigata da turarena, rana tana dukan hular kwanseye. Da layi ya zo kaina shugaban biron, wani mutum mai tabarau wanda bai san ni ba, ya duba ya ce, "Ga sunanka, Baba. Kawo karti."

Ba ni da shi. Tun da ban je na karɓa ba, an mai da shi meri.

"To kartin ɗan ƙasa."

Shi ma babu. Yana cikin dosiye, wato takardun takara, da na ba mutanen Alhaji, ba su dawo mini da shi ba. Ban damu da nema ba, don a zatona a biron unguwarmu fuskata ta isa karti.

Ya ce, "To sai shaidu." A lokacin doka ta yarda, in sunanka na rubuce amma ba ka da takarda, mutum biyu daga cikin masu zaɓe a wannan biron su tsaya su shaida cewa kai ne. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, wa ya san wannan dattijo?"

Habsu ta yi zaɓe tun da safe ta koma gida. Na dubi layin. Babu wanda ban san sunan ubansa ba a ciki. Akwai waɗanda na rubuta wa wasiƙa zuwa ga 'ya'yansu a Agadas, akwai waɗanda na ci naman sunansu. Wannan ya kalli rufi, wancan ya sunkuya yana gyaran takalmi. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, amma na ji gumi yana bin bayana yana gangarawa har cikin wando.

Shugaban ya sake cewa, "Ba wanda ya san shi?"

Sai Laminu ya fito daga tsakiyar layi, a hankali, ya ajiye kartinsa a tebur. Ya ce, "Na san shi. Tare aka yi mana kaciya. Ya fi ni kuka."

Wasu suka yi 'yar dariya. Shugaban ya rubuta ya ce, "Saura ɗaya."

Ba wanda ya motsa. Laminu ya juya wajen layin mata ya ce, "Gaji."

Ta ce, "Ni?"

"Ke."

Ta fito ba don tana so ba, tana gyara mayafi. Shugaban ya ce, "Inna, kin san wannan mutum?"

Ta ce, "Na san shi. Shi ne ya nuna wa mai taswira inda za a yanke mu. Ina tsaye da tulu a bakin ƙofata ranar, na ji abin da ya ce. Ya ce zama kawai ya haɗa mu."

Mutumin ya cire tabarau ya ce, "Inna, abin da nake tambaya, shi ne mai wannan suna?"

Ta ce, "Shi ne. Ba mu da wani irinsa."

Ta dangwala yatsa, Laminu ya dangwala. Ashe tun ranar da na rantse masa da Yamai ya san komai, matarsa ta gaya masa. Ya zo ne ya ba ni dama in faɗa da bakina.

Aka ba ni takarda na shiga bayan labule. Na duba, ba sunana, ba na Alhaji, mutanen gabas ne da ban san ko ɗaya ba. Har yau ban san wa na zaɓa ba. Na dai tsaya a wurin, don a duk faɗin Damagaram nan ne kaɗai inda ba wanda ke kallona, har sai da shugaban ya yi tari ya ce, "Baba, akwai mutane a bayanka."

Listarmu ta samu kujera uku. Ni na tara. Ko da lungun nan kaf sun koma wata ƙasa, ko da na jefa wa kaina sau goma, kujerar ba za ta iso ni ba, kuma Alhaji ya san haka tun ranar da ya ba ni fura.

Famfon aka kafa shi a kan tudu, kusa da ƙofar Alhaji, inda ruwa ke isowa kamar hawaye in ya ga dama. Majema suka je merin gabas, aka ce musu rabon famfo ya wuce, kuma su a wutsiyar arondisman suke, ba su da ko kwanseye ɗaya da ya san lungunsu. Suka dawo ta wajenmu, aka ce ba sa cikinmu. Matan suka ci gaba da zuwa bayan tasha da tulu da bido, wato jarka. Wasu majeman suka tashi, wasu suka bar sana'ar, ramuka da yawa yanzu shara ce a ciki. Gidana ma a lungun yake, Habsu ta ɗauki nata rabon a ka har sai da wuyanta ya gaza.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, kada ku ce ban yi ba. Na rubuta wasiƙa da mafi kyawun Faransancina na kai. Wani ma'aikaci ya karanta, ya buɗe wani kwali ya fito da taswirar, ya nuna mini ƙasanta ya ce, "Baba, wannan sa hannun wane ne?" Wutsiyar nan tawa ce, ba ta ɓuya. Ya ce sake iyaka ba abin da ake yi a kan tebur ba ne, sai takarda ta hau har Yamai ta sauko. Ka ji, Yamai ɗin da na yi wa ƙarya, yanzu da gaske ita ke riƙe da maganar. Majalisu sun zo sun wuce, wasu ma an rushe su, jan layin yana nan inda na nuna.

Da Laminu ya kwanta ciwon ajali na je na same shi da hantsi, yana kan tabarma a inuwar ɗakinsa. Na durƙusa na faɗa masa komai, daga fura har wallahi. Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Mushe, nawa na yafe tun a biron nan, da na ga yadda rigarka ta jiƙe. Amma ni ban taɓa ɗaukar tulu ba. Ba a kaina ruwan ya zauna ba. Bi gidajen ka tambayi masu ɗauka."

Bayan an yi addu'ar arba'in ɗinsa na fara bi. Ba abu ne mai sauƙi ba namiji mai shekaruna ya tsaya a ƙofar gida yana sallama da matan mutane don neman gafara. Wasu suka ce sun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Wata ta yi dariya har da riƙe ciki ta rufe ƙofa. Wasu sun mutu kafin in iso. Gaji na bari a ƙarshe, don ita nake tsoro.

Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Sakatare, ban hana ka gafara ba. Na ajiye maka ita. Ranar da ruwa ya zubo a bakin lungun nan, ka zo ka karɓa."

Shekara nawa ke nan. Ina ta rubuta wasiƙu, duk wanda aka naɗa ko aka zaɓa sai ya samu tawa, har ma'aikatan sun san tafiyata, in sun hango ni sai su ce ga tsohon famfo nan. Ni da Gaji duk mun tsufa. Kullum da safe sai na tambayi Habsu, "Yaya Gaji ta kwana?" Ita a zatonta zumunci ne ya kama ni da tsufa. Tsoro ne. Ban san wanda zai riga tafiya ba tsakanin ni da ita, kuma bututun bai taso ba.

Saboda haka ina roƙonku, ku da za a kira wata rana a ce ku nuna inda unguwa ta tsaya, ko ku rubuta wanda ke ciki da wanda ke waje. Kada ku je ku kaɗai. Ku kira mutanen da za a ja layin a kansu, maza da mata, su tsaya a wurin, ku faɗi abin da za ku faɗa suna ji. In bakinku ya kasa faɗarsa a gabansu, to ku mai da hannu aljihu ku koma gida. Don Allah kada ku yi irin tawa.